Mace a Gaban Allon Zanen Gini: Darasin Sharon Sutton da Mariam Issoufou ga Garuruwan Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba aikin Sharon Egretta Sutton, baƙar fata ta farko cikin matan Amurka da ta kai matsayin cikakkiyar farfesa a ilimin zanen gine-gine, tare da aikin Mariam Issoufou 'yar Nijar. Hujjarta ita ce shigar mata cikin koyar da wannan ilimi tana sauya abin da ake koyarwa, kuma garuruwan kan iyaka irin su Jibiya suna cikin waɗanda suka fi buƙatar sauyin.

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Magamar Jibiya da Ɗan Isa zai ga tsarin gida iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu: zaure a bakin titi, shigifa, sannan cikin gida da ɗakunan mata, madafi da rumbu. Ba abin mamaki ba ne, domin Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar Maraɗi, tun kafin Ingila da Faransa su ja layin iyaka. Abin da layin ya raba shi ne makaranta. Yarinyar Jibiya da ke son zanen gine-gine takan nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai sashen da ya fi kowane daɗewa a Najeriya, ta yi karatu da Ingilishi. Takwararta ta Ɗan Isa kuwa ana iya tura ta har Lome ta ƙasar Togo, inda ƙasashe masu magana da Faransanci suka haɗu suka kafa makaranta. Su biyun za su koma su yi wa mutane masu al'ada ɗaya gini, amma ta bakin wa za su ji labarin cikin gidan da za su zana?

Tafarkin Sharon Sutton

An haifi Sutton a 1941 a birnin Cincinnati na Amurka. Da kiɗa ta fara, tana busa ƙaho a manyan ƙungiyoyin kiɗa na birnin New York, kafin ta koma zanen gine-gine. Lokacin shigarta Jami'ar Columbia yana da muhimmanci. A 1968 ɗalibai sun tayar da bore kan shirin jami'ar na gina zauren motsa jiki a filin shaƙatawa na jama'a da ke maƙwabtaka da unguwar baƙar fata ta Harlem. Bayan boren ne sashen zanen gine-gine ya buɗe ƙofa ga ɗalibai baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico, Sutton na cikinsu, ta kuma kammala a 1973. Tarihin wannan buɗi da yadda ya sake rufewa ta rubuta shi a littafinta When Ivory Towers Were Black na 2017.

Akwai waɗanda suka share mata fage. Beverly Loraine Greene ta sami lasisin aiki a jihar Illinois a 1942, Norma Merrick Sklarek kuma a New York a 1954. Su biyun sun shahara ne a ofisoshin zane, ita kuwa Sutton aji ta zaɓa. Ta ƙara digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, ta zama cikakkiyar farfesa a Jami'ar Michigan a tsakiyar shekarun 1990, sannan ta koma Jami'ar Washington da ke Seattle a 1998. Jigon koyarwarta shi ne a zauna da mazauna unguwa, har da yara da matasa, a ji yadda suke rayuwa kafin a ɗora alƙalami a takarda. A ganinta talaka ma yana da ilimin wurin da yake zaune, kuma zanen da ya tsallake wannan ilimi ya tawaya tun daga tushe. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga Seattle zuwa Dandaji

A wannan jami'a ta Washington Mariam Issoufou ta karanci zanen gine-gine, bayan ta shafe shekaru tana aikin kwamfuta. A 2014 ta kafa ofishinta, Atelier Masomi, a Yamai. Aikinta da ya fi shafar mu shi ne na garin Dandaji a jihar Tawa, wanda ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kammala a 2018. Tsohon masallacin garin na ƙasa ya lalace, aka yi niyyar sabo. Maimakon a rushe tsohon, sai suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka kuma gayyato maginan da suka yi aikin tsohon su shiga aikin. Yankin Tawa ba baƙon wannan gwaninta ba ne, domin can ne magini Falke Barmou ya gina masallacin Yama da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A 2022 Issoufou ta zama farfesa a babbar makarantar fasaha ta ETH da ke Zurich.

A nan akwai abin dubawa. Ginin ƙasa na Hausawa, wanda masu hali a garuruwanmu suke gudu don kada a ce musu matalauta, yana cikin abin da ya kai 'yar Nijar kujerar koyarwa a Turai. Ilimin yana hannunmu. Darajarsa ce muka bari wasu suke auna mana.

Abin da mace take kawowa aji

Sana'ar gini a ƙasar Hausa ta maza ce a bisa gado, ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma sunayen da tarihi ya riƙe na maza ne, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Tubali, azara, baka da ɗaurin guga aikinsu ne. Amma mata ba su taɓa barin gini ba. Su ne masu daɓe, har da waƙoƙinsa. Su ne masu jere. Su suka san inda hayaƙin murhu yake taruwa, inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya, da ɗakin da zafin bazara yake hana jariri barci.

Hujja mafi ƙarfi tana nan. A gidajen da ake kiyaye ba-shiga, namiji baƙo iyakarsa zaure, komai yawan digirinsa. Maigida ne zai ba shi labarin cikin gida, alhali maigidan wuni yake a kasuwa ko gona. Mace mai wannan ilimi kuwa za ta yi sallama ta shige har ƙuryar ɗaki, ta auna, ta tambayi uwargida da amarya. Idan ta zama malama, tambayoyin da ta samo can su ne za su zama darasin ɗalibanta, maza da mata.

Wani zai ce ƙarfe da siminti ba su san jinsi ba, lissafin ginshiƙi ɗaya ne ko wa ya yi shi. Gaskiya ne. Sai dai lissafi yana biyo bayan shawarar me za a gina, don wa, kuma da me, a nan ne wanda aka saurara yake yin tasiri. Haka nan bai dace a tsare mata a zanen madafi da ɗakin kwana ba: Sklarek ta jagoranci aikin ɗaya daga cikin tashoshin fasinja na filin jirgin saman Los Angeles, wanda aka gama a 1984.

Buƙatar Jibiya

A watan Yulin 2018 ambaliya ta afka wa Jibiya cikin dare, ta kashe gomman mutane, ta rushe gidaje masu yawa. A shekarun da suka biyo baya hare-haren 'yan bindiga sun koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari da tsallaken iyaka, akasarinsu mata da yara. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun taɓa aljihun masu gini da masu haya. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa Jibiya ya jawo sabbin unguwanni. Kowane ɗayan waɗannan tambaya ce ta gini: ina ruwa zai bi, ina bazawara mai 'ya'ya za ta zauna cikin sutura, wane bango ne zai tare zafin da kan haura digiri 40.

Ginin ƙasa yana da rauninsa. Yana son yaɓe a kai a kai, kuma ruwa mai kwanciya yana cin gindinsa. Bulon siminti da rufin kwano kuwa suna da tsada, suna kuma tara zafi. Aikin Dandaji ya nuna hanya ta uku: a riƙe ƙasar, a ƙarfafa ta, a kyautata harsashi da magudana. Wannan ilimi ne da ake koyarwa, saboda haka yana buƙatar malamai.

Kammalawa

Abu uku suke fitowa daga wannan bayani. Na farko, jami'o'i da kwalejojin fasaha na Katsina, Kano da Zariya su ɗauki mata aikin koyarwa a sassan zanen gine-gine, su kuma riƙe su har su kai matsayin da ake tsara manhaja, domin tarihin Columbia ya nuna cewa ƙofar da aka buɗe tana iya rufuwa. Na biyu, a shigo da magina da mata masu daɓe aji a matsayin masu koyarwa, a biya su haƙƙinsu. Na uku, makarantun Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo ta Maraɗi su haɗa ɗalibansu a aikin fili guda a garuruwan iyaka, da Hausa, harshen da masu gidajen suke magana da shi. Sutton ta kai kujerar farfesa fiye da shekara 50 bayan lasisin Greene. Garuruwan da ke karɓar 'yan gudun hijira, suna kuma jiran jirgin ƙasa, ba su da wannan tsawon lokacin jira.