'Yan Agaji: Daga Ina Suka Fito?

Wani ɗalibina ya tambaye ni ko gwamnati ce ke biyan 'yan agajin da yake gani duk Juma'a a Masallacin Fagge. Na ce a'a, aikin sa kai ne.

Asalinsu ƙungiyoyin addini ne: Jama'atu Nasril Islam da Sardauna ya kafa a Kaduna a 1962, da Fityanul Islam ta Malam Mudi Salga a Kano a 1963, sannan Izala a Jos a 1978. Kowacce ta kafa rundunarta. Fahimta ta raba su, amma aikin ɗaya ne: daidaita sahu, tsare hanya, ɗaukar wanda ya faɗi, hidimar maniyyata. Da yawansu yaran shago ne a Kantin Kwari, suna barin ciniki su tsaya cikin rana.

Bayan harin bam na 28 ga Nuwamba, 2014 a Babban Masallacin Kano, binciken masu shiga masallatai ya ƙaru a wuyansu, alhali ba su da makami. A wannan lokacin na taɓa yi wa ɗayansu tsawa don ya laluba aljihuna. Bai tanka ba, sai ya matsa ga na bayana. Allah Ya yafe mini.