Daga Filofi zuwa Xender: Tarihin Tura Fayiloli da Daidaita Su Tsakanin Kwamfutoci Biyu

Duk mai aiki da kwamfutoci biyu, ɗaya a ofis ko makaranta ɗaya kuma a gida, yana da buƙatu guda biyu waɗanda ake yawan ɗauka abu ɗaya ne alhali sun sha bamban. Ta farko ita ce tura fayil, wato ɗaukar rubutu ko hoto ko lissafin da aka adana ƙarƙashin suna guda a wata kwamfuta a sanya kwafinsa a wata. Ta biyu kuwa ita ce daidaitawa, wato tabbatar da cewa abin da ke cikin kwamfutocin biyu ya koma iri ɗaya bayan an taɓa kowanne a waje daban, ba tare da sabon gyara ya ɓace ko tsohon kuskure ya dawo ba. Masana sun shawo kan ta farko tun da wuri, amma ta biyu sai da ta ci kusan shekara ashirin kafin a fahimci inda wahalarta take. A Kunduru da sauran garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, turawa ta zama ruwan dare, daidaitawa kuwa har yau galibi tana rataye a wuyan mai aikin, shi ne zai tuna wane kwafi ne sabo.

Tushen lamarin yana Amurka. A 1977 Ward Christensen ya rubuta XMODEM, a 1981 kuma aka ƙirƙiro Kermit a Jami'ar Columbia da ke New York, dukansu kuma dabara ɗaya suka bi: a yanka fayil gunduwa-gunduwa, a haɗa kowace gunduwa da wata ƙaramar lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinta, ta yadda kwamfutar da ke karɓa za ta sake lissafin, in bai yi daidai ba ta nemi a sake turo wannan gunduwar kaɗai. Buƙatar ta ƙaru ne sakamakon saɓanin girman faifai. Kwamfutar tebur ta IBM da ta fito a 1981 tana amfani da faifan filofi mai faɗin inci biyar da kwata, ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka na tsakiyar shekarun 1980 kuma suka zo da mai inci uku da rabi, don haka faifan wannan ba ya shiga ramin waccan. Kamfanin Traveling Software na Jihar Washington ya cike wannan giɓi da LapLink, manhajar da ake sayarwa tare da kebul mai haɗa kwamfutocin biyu kai tsaye, tana nuna jerin fayilolin kowace a rabin allo. Microsoft ya shigar da irin wannan aiki cikin MS-DOS 6 a 1993 da sunan Interlnk.

Kebul yana amfani ne ga mutumin da ya mallaki kwamfutoci biyu yake iya ajiye su a tebur ɗaya, irin wannan mutum kuwa da wuya a same shi a Arewacin Najeriya a wancan zamani. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, da lokacin da gwamnatin tarayya ta fitar da manufarta ta koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, na'urar tana jami'o'i ne da bankuna da wasu ma'aikatu, layin tarho na NITEL kuma bai wuce manyan birane da ƴan ofisoshi ba. Da shagunan buga takardu suka yawaita a Kano da Katsina da Zariya cikin shekarun 1990, hanyar kai aiki daga kwamfuta zuwa kwamfuta ita ce a saka filofi a aljihu a hau mota, wanda ya fito daga ƙasar Kankiya kuma ya yi sa'a garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina. Faifan yana ɗaukar megabayit 1.44 ne kacal, kuma da yake a jikin siririn fallen roba mai maganaɗisu yake adana rubutu, ƙurar hunturu da zafin bazara suna saurin lalata shi. Shi ne kuma jirgin da ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fara hawa, tun daga Brain da wasu ƴan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986.

Marubucin Hausa yana da wata matsala tasa ta daban wadda masu ƙera manhajojin ba su yi tunaninta ba. Ko da fayil ya isa lafiya, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su koma wasu alamomi, domin a lokacin ana samar da su ne ta hanyar salon haruffa na musamman da ake ɗora wa kwamfuta, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara a shekarun 1990. In kwamfuta ta biyu ba ta da wannan salon, rubutun ya lalace ke nan a idon mai karatu, shi ya sa mai hankali yakan kwafe fayil ɗin haruffan tare da na rubutun. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowanne daga cikin waɗannan haruffa lambarsa ta dindindin tun farkon shekarun 1990, shi ne ya magance wannan, amma sai da aka daɗe kafin madannai da manhajojin da jama'a ke amfani da su su bi sahu.

Daidaitawa ita ce inda aikin yake da sarƙaƙiya, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Idan fayil yana kwamfuta ta farko amma ba ya ta biyu, ma'ana biyu ce ke yiwuwa: ko dai sabo ne da ya kamata a kwafa zuwa ta biyu, ko kuma tsoho ne da aka goge da gangan a ta biyu wanda ya kamata a goge a ta farko ma. Duban kwamfutocin a yadda suke a yanzu ba zai raba gardamar ba, sai manhajar ta riƙe bayanin yadda suke a ranar da aka daidaita su na ƙarshe. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu a Katsina da Sakkwato sun san cewa gwada kwafi biyu da suka saɓa ba ya nuna mai gaskiya sai an koma ga asalin da aka kwafo su daga gare shi, manhajar daidaitawa ma irin wannan asalin take nema. Windows 95 ya zo da Briefcase, wata jaka ta musamman da ake zuba fayiloli a ciki a ɗauke ta a filofi, in an dawo kuma ta nuna waɗanda suka canza ta tambayi mai ita ɓangaren da za a bi. Tsari ne da ya dace ƙwarai da wanda ba shi da layin sadarwa, sai dai Microsoft ya jingine shi a Windows 8, daga bisani ya cire shi daga Windows 10.

Ayyuka biyu na jami'a ne suka kafa ginshiƙin da ake kai har yau. A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Canberra suka fitar da rsync, wadda ta amsa tambayar mai rarraunan layi: in an gyara shafi ɗaya a littafi mai shafi ɗari uku, me zai sa a sake tura littafin duka? Kwamfutar da ke riƙe da tsohon kwafi takan yanka shi gunduwa-gunduwa ta aika da lambobin shaidar kowace gunduwa, mai sabon kwafi kuma ta binciko waɗanda take da irinsu, ta tura abin da ya bambanta kawai. Sai dai rsync fuska ɗaya take kallo, tana mai da wannan ɓangare ya zama kamar wancan. Unison, wadda Benjamin Pierce na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa suka gina a ƙarshen shekarun 1990, ita ce ta kalli ɓangarorin biyu, tana adana bayanin daidaitawar da ta gabata, kuma in ta tarar an gyara fayil ɗaya a wurare biyu, abin da ake kira karo, ba ta yanke hukunci da kanta, sai ta miƙa wa mai fayil ɗin ya zaɓa.

Filashi ya shigo kasuwa a 2000 da megabayit 8, wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a Agustan 2001, cikin ƴan shekaru kuma filofi ya zama tarihi. Filashi ba ya jin ƙura, amma ya gaji halin yaɗa cuta, musamman ta hanyar umarnin da ke sa Windows ta buɗe abin da ke cikinsa da zarar an soka shi, ƙofar da Microsoft ya toshe a Windows 7 a 2009, sannan a tsofaffin Windows a 2011.

A ƙasashen da intanet ya wadata, lamarin ya koma ga ajiya a nesa. Dropbox da Drew Houston da Arash Ferdowsi suka kafa a 2007, sai Google Drive a 2012, da SkyDrive da aka sauya wa suna zuwa OneDrive a 2014, duk suna sanya kwamfuta ta uku ta kamfani a tsakiya, kowace kwamfutar mutum ta riƙa daidaita kanta da ita. Wannan tsari ya ginu ne bisa zaton cewa wuta ba ta ɗaukewa kuma data ba ta ƙarewa, zaton da bai dace da ƙauyukan tsakiyar Katsina ba, inda wutar KEDCO ba ta da tabbas, datar kuma da kuɗin aljihu ake sayenta. Manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su Main One da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, amma tsakanin bakin teku da Kunduru akwai tafiyar fiye da kilomita dubu. A Satumban 2021 ma an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar ƴan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma mai jami'ar tarayya, kuma duk wanda aikinsa yake a ajiyar nesa kaɗai a waɗannan wurare ya rasa hanyar kaiwa gare shi na tsawon watanni.

Abin da ya samu karɓuwa a nan shi ne Xender da SHAREit, da Flash Share da aka saba gani a wayoyin Tecno, manhajojin da ke sa na'ura ɗaya ta buɗe ƙaramin layin Wi-Fi nata ɗayar ta haɗu da ita, a tura fayil da sauri ba tare da an taɓa data ba. Waya ta zama gada tsakanin kwamfutar makaranta da ta gida, haka kuma sana'ar masu tura fina-finan Kannywood da karatun malamai daga kwamfuta zuwa waya ta bazu tun daga kasuwar Farm Centre ta Kano har zuwa ƙananan garuruwa. Amma waɗannan manhajoji turawa kawai suke yi, ba su san tsoho ba, ba su san sabo ba. Sakamakon shi ne malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa, ko ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ya tara kwafi huɗu ko biyar masu suna kusan iri ɗaya, wani lokacin kuma wanda aka buga ba shi ne wanda aka gyara ba. Dogaro da kwanan watan da ke jikin fayil ma yana da haɗari, domin yawancin kwamfutocin da ake saye na gwanjo ne, kuma idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogonsu ya mutu sai kwanan wata ya koma baya da shekaru, sabon aiki ya bayyana kamar shi ne tsoho.

Akwai manhajoji na kyauta da suka haɗa amfanin hanyoyin biyu, kuma abin takaici ne yadda ba a cika koyar da su a cibiyoyin koyon kwamfuta ba. FreeFileSync tana gwada jakar da ke kwamfuta da wadda ke filashi, ta nuna bambancin kafin ta taɓa komai, tana kuma iya gwada ainihin abin da ke cikin fayiloli maimakon kwanan watansu. Syncthing, wadda Jakob Borg na ƙasar Sweden ya fitar a 2013, tana daidaita kwamfutoci biyu kai tsaye da zarar sun haɗu a layin Wi-Fi guda, ko da na wayar hannu ne da babu data a kanta, in an samu karo kuma ta ajiye kwafin biyu ta sauya wa ɗaya suna. Iyakarsu ɗaya ce da ta dukan manhajojin daidaitawa tun daga Briefcase: fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ko cuta ta lalata a kwamfuta ɗaya, haka za a kai gogewar ko lalacewar zuwa ɗayar, sai dai in an kunna zaɓin adana tsofaffin kwafi, wanda a Syncthing a kashe yake zuwa har sai mai amfani ya kunna shi da kansa.