Baƙuwar Kainuwa a Farin Nilu

Duk wanda ya tsaya a Mukran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa, zai ga tsibirin Tuti kwance tsakanin Hartum da Umdurman da Bahri, da gonakinsa na lemo da kayan miya, waɗanda ambaliya take yi wa taki kowace shekara. Daga wannan tsibiri na Mahasawa ne Shaihu Arbab al-Aka'id ya ƙetaro wajen shekarar 1691, ya kafa makarantarsa a gaɓar da ta zama Hartum. Kudu kaɗan da mahaɗar a da akwai dajin Sunut, kurmin bagaruwa ne wanda ruwa yake shiga da damina, aka haramta farautar tsuntsaye a cikinsa tun 1939, domin nan zalɓe da balbela da agwagin ruwa masu tasowa daga Turai suke yada zango. Tsibirin da kurmin da tsuntsayen duka rayuwarsu tana rataye da abu guda, wato kogi ya kasance a buɗe yana tafiya.

A wajen 1957 zuwa 1958 aka fara ganin wata ciyawa tana yawo bisa Farin Nilu, mai ganye kore shar, da kumburarren kara mai riƙe iska, da fure ruwan shuni mai ban sha'awa. Dangin kainuwarmu ce a ɗabi'a, amma asalinta ƙoramun Amazon ne a Amurka ta Kudu, kuma kyan furen nan shi ya sa masu lambuna suka yi ta ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ta isa Masar tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare. Da yake ta baro maƙiyanta can gida, ba ƙwaron da ya san ɗanɗanonta, ba cutar da ta san hanyar jikinta, sai ta shiga ninka kanta cikin mako biyu ko ƙasa da haka, har kafin a farga ta mamaye kogin tun daga wajen Juba zuwa madatsar Jabal Auliya.

Madatsar nan, wadda aka gama a 1937 domin tara wa Masar ruwa, tana kudu da Hartum da kilomita 40 da ɗoriya, ita ce ta zama ganuwar birnin ba tare da maginanta sun nufa ba. Idan iskar kudu ta taso da damina, sai ta koro ciyawar tuli-tuli, ta jibge ta a bayan madatsa, ta cunkushe har ruwa ya ɓace wa ido; idan iskar arewa ta juyo da rani, ta mai da saura baya. Jiragen ruwa masu zirga-zirga tsakanin Kosti da Juba suka riƙa maƙalewa, injunan ban-ruwa na gonakin auduga suka toshe, masunta, waɗanda a cikinsu akwai 'yan'uwanmu Hausawa da suka zauna a kan hanyar hajji, suka rasa inda za su jefa koma. A ƙarƙashin shimfiɗar kuwa haske ba ya shiga, iskar ruwa tana ƙarewa, kifi ya ƙaura, sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya su sami mafaka.

Hukuma ba ta yi sakaci ba. A 1960 aka kafa doka ta hana mallakar ciyawar ko ɗaukarta daga wuri zuwa wuri, saboda tsoron kada ta faɗa Shuɗin Nilu da magudanan Jazira, aka kuma shiga feshin maganin 2,4-D daga kwale-kwale da jiragen sama. Shekara ashirin ana wannan jihadi, ana zuba dukiya mai yawa, ciyawa ta mutu ta nutse, damina ta zagayo wata ta sauko daga fadamun kudu, inda mai feshi ba ya iya kaiwa. A ganina ba a kyauta wa mutanen nan ba idan aka ce wahalar banza suka yi, gama su suka tsare ƙofa har magani ya iso, ko da yake dafin da aka zuba cikin ruwan da jama'a da dabbobi suke sha abu ne da zuciya ba ta natsuwa da shi.

Maganin da ya iso ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, bai kai ƙwayar wake ba, wanda Allah cikin hikimarsa ya sanya arzikinsa a jikin wannan ciyawa tun can ƙasarsu. Bayan an jarraba shi, an tabbata ba zai juya kan dawa ko auduga ba, masana suka saki iri ɗaya, Neochetina eichhorniae, a 1978, suka bi shi da ɗan'uwansa Neochetina bruchi a 1979. Babban ƙwaron yakan ɓuya da rana a gindin ganye, da dare ya fito ya ƙanƙare fatar ganyen, ya bar 'yan tabo birjik. Tsutsarsa kuwa, wadda ita ce mai aikin gaske, takan huda karan ta gangara cikin zuciyar tsiron, ruwa ya bi ramin, ruɓa ta shiga, tsiron ya tsumbure ya kasa haihuwa kamar da. Zuwa 1982 tarin da aka saba gani a Jabal Auliya ya daina taruwa, a 1983 aka ajiye feshi. Ciyawar ba ta ƙare ba, tana nan a gefen kogi har yau, sai dai an mai da ita cikin mizanin da ta fita.

Ba kowane baƙo ne aka samu kansa haka ba. Itacen miskit mai ƙaya, wanda aka shigo da shi Sudan a 1917 aka dasa a Hartum da kyakkyawar niyyar tare rairayi, awaki sun ci 'ya'yansa sun baza irin cikin kashinsu, ya cinye gonaki a Kasala da Tokar, har aka ba da umarnin tumɓuke shi a 1995, bai kuwa tumɓuku ba. Ita ma baƙuwar kainuwa, shekara guda bayan Sudan ta ajiye feshi, wato 1984, ta ɓullo a ruwan Badagiri kusa da Ikko, daga baya aka gan ta a kogin Kwara, tun daga Yamai har tafkin Kainji.