Safiyar Asabar Da Johnny Bench: Tarihin Shirin Da Ya Koya Wa Yaran Amurka Bugun Ƙwallo

Mai karatu, idan ka tare Ba'amurken da ya haura shekara hamsin, wanda ya taso yana son wasan besbol, ka ambaci masa sunan The Baseball Bunch, da wuya ka ga bai yi murmushi ba. Wani shiri ne na yara da aka riƙa nunawa a talabijin a Amurka daga shekarar 1980 zuwa 1985, rabin awa kacal a mako, galibi ranar Asabar. Ma'anar sunan dai ita ce gungun 'yan besbol. Shekara biyar ba wani dogon zamani ba ne a rayuwar talabijin, amma ga shi an yi shekara arba'in da rufe shi, har yanzu waɗanda suka kalle shi suna begensa kamar wani ɗan'uwa da ya yi tafiya.

Kafin mu shiga cikin shirin, ya kamata in ɗan yi bayanin wasan, domin ba wasanmu ba ne. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a kan wani ɗan tudu ya jefo ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba, wani kuma yana tsaye da kulki yana jiran ya make ta. A bayan mai kulkin akwai wani a tsugune, shi ne mai cafke ƙwallon idan an kuskure ta. Tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 60 ne da inci 6, wato mita 18 da 'yan kai. Gwanin jifa yana iya sako ƙwallo da gudun kilomita 145 a awa, don haka ba ta cika rabin daƙiƙa ba ta iso. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ne mai bugu zai gane inda ta dosa, ya yanke shawarar zai buga ko zai ƙyale, sannan ya juya kulkin. Kulkin mulmulalle, ƙwallon ma mulmulalliya. Shi ya sa wanda ya yi nasara sau 3 a cikin 10 ake kiransa gwani, a biya shi miliyoyin daloli. Sau bakwai yana komawa rumfa kansa a sunkuye, kuma babu mai zaginsa.

To wannan abu mai wuya shi aka ce za a koya wa yara ta akwatin talabijin.

Sashen shirya finafinai na hukumar manyan ƙungiyoyin besbol ta Amurka ne ya ɗauki nauyin aikin, aka kuma ɗora Johnny Bench a matsayin malami. Bench ba ƙaramin mutum ba ne a lokacin. An haife shi a 1947, ya taso a wani ɗan ƙauye mai suna Binger a jihar Oklahoma, ya kuma yi wa ƙungiyar Cincinnati Reds wasa daga 1967 har zuwa 1983 ba tare da ya canja sheƙa ba. Sau biyu ana zaɓensa gwarzon shekara, a 1970 da 1972, ya ci kofin ƙasa da ƙungiyarsa a 1975 da 1976, kuma sau 389 yana yin irin bugun nan da ke kammala zagaye gaba ɗaya, wanda galibi ƙwallo ke tsallake katangar fili. Aikinsa shi ne na tsugune a bayan mai bugu, kuma da yawa na ganin ba a taɓa yin kamarsa a wannan gurbi ba. An san shi da wani abin mamaki, yana iya riƙe ƙwallo bakwai a hannu ɗaya. Wannan ƙasurgumin mutum ne aka tsayar a tsakiyar yara takwas, maza da mata, sanye da riguna iri ɗaya, a wani filin wasa a garin Tucson na jihar Arizona. Shigar da mata cikin gungun ba abin wasa ba ne, domin sai a 1974 ne babbar ƙungiyar besbol ta yara, Little League, ta amince 'yan mata su shiga wasanninta.

Tsarin shirin ba shi da wani rikici. Kowane mako za a kawo baƙo daga cikin fitattun 'yan wasa, ya nuna wa yaran abu guda: yadda ake riƙe kulki, yadda ake tsayuwa, yadda ake tare ƙwallon da ke gangarowa a ƙasa. Irinsu Pete Rose da Ozzie Smith da Tug McGraw duk sun zo. Sai yaran su gwada, su kasa, a gyara musu, su sake. Don kada abin ya zama aji, sai aka haɗo da Kazar San Diego, wato wani mutum mai suna Ted Giannoulas da ya fara sanya rigar kaza a 1974 don tallar wani gidan rediyo, har ya zama sananne a duk ƙasar. Kazar ba ta magana, aikinta kawai ta yi komai ba daidai ba, ta faɗi, ta tashi, yara su yi ta dariya. Akwai kuma Tommy Lasorda, kocin ƙungiyar Los Angeles Dodgers, wanda kan fito da shigar boka ya ba da shawara kan abin da ya shafi zuciya: tsoro, fushi, da yadda ake jure faɗuwa. Ka dubi ikon Allah, mutumin da ya ci kofin ƙasa a 1981 shi ne ke naɗa rawani don ya ba yara dariya.

Amma baƙon da ya fi dacewa da zancenmu shi ne Ted Williams, wanda ya zo shirin yana dattijo, shekara ashirin da ɗoriya bayan ya aje kulki a 1960. Williams bai ɗauki bugu a matsayin baiwa kawai ba, ilimi ya ɗauke shi. A 1941 ya yi nasara sau 185 a cikin tsayuwa 456, wato sama da 4 a cikin 10, kuma tun daga wannan shekara babu wanda ya sake kai wannan matsayi a manyan rukunonin nan biyu, American da National. A farkon shekarun 1970 ya fitar da littafi mai suna The Science of Hitting, inda ya zana wurin da ake jefo ƙwallo ya cika shi da ƙwallaye 77, kowace da lissafin yadda yake iya bugunta. Darasinsa na farko shi ne haƙuri: kar ka kai wa kowace ƙwallo duka, jira wadda ta zo inda ka fi ƙarfi.

Wurin da ya saɓa wa malaman zamaninsa shi ne hanyar da kulki zai bi. Masu horar da yara da yawa suna cewa a saro ƙwallo daga sama zuwa ƙasa, kamar mai faskare. Williams ya ce a'a. Mai jifa a kan tudu yake, ƙwallon kuma gangarowa take, saboda haka kulki ya ɗan ɗago sama kaɗan domin ya haɗu da ita a kan hanyarta. Ya rasu a 2002. Sai a 2015, da aka kafa na'urorin Statcast masu auna gudu da kusurwar kowace ƙwallo a dukkan filaye 30 na manyan ƙungiyoyi, alƙaluma suka fara gaskata dattijon, 'yan wasa suka koma ɗaga ƙwallo sama da gangan. Wato yaran da suka saurare shi a wancan lokaci sun ji magana daga bakin wanda ya riga zamaninsa da shekara talatin, su kuwa hankalinsu na kan kaza.

A nawa ganin, ba darasin kansa jama'a ke bege ba. Me za a koya a rabin awa, bayan an cire talla da barkwanci? Yau yaro da wayar hannu zai samu bidiyon koyon bugu fiye da yadda zai iya kallo a shekara, a hankali, daga kowace kusurwa. Abin da ya tafi shi ne yanayin. A farkon shekarun 1980 gidaje kaɗan ne ke da na'urar naɗar bidiyo, don haka idan shirin ya wuce ya wuce ke nan, babu mayarwa baya. Dole yaro ya buɗe ido ya haddace abu ɗaya, da an gama ya fice waje da kulkinsa, ya tarar da abokinsa na maƙwabta shi ma abin da ya kalla ke nan, su wuni suna gardamar yadda Bench ya ce a ajiye ƙafa. Ƙarancin darasin shi ya kora su fili. Sannan kyauta ne. Ɗan mai kuɗi da ɗan leburan ma'aikata malami ɗaya suke da shi a wannan safiya, kuma malamin shi ne wanda suka gani jiya da dare yana wasa a gaban dubban mutane.

Bench ya yi ritaya a 1983, jiki ya gaji da tsugune, ya ci gaba da shirin har aka rufe a 1985. A daidai lokacin ne kuma safiyar Asabar ta cika da zane-zanen da kamfanonin kayan wasa ke ɗaukar nauyi, bayan da hukumar sadarwa ta Amurka ta sassauta dokokin talla a shirye-shiryen talabijin a 1984.

Abin da ya biyo baya shi ne kaset na sayarwa. A shekarun 1990 wani mai horarwa a jihar Florida, Tom Emanski, ya fitar da faifan koyon besbol, aka riƙa tallarsu a tashar ESPN ba dare ba rana har shekaru suka ja. Yaran wancan zamani su ma suna da nasu begen, domin sun haddace tallar kamar karatun allo: ga ɗan wasa Fred McGriff da wata doguwar hula shuɗiya yana nuna yatsa yana ba da shaida. Sai dai wannan karon sai mahaifinka ya buga waya ya biya kafin darasi ya iso gida. Daga nan aka gangaro zamanin malamai masu zaman kansu da ƙungiyoyin yara masu yawon gasa jiha-jiha, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin iyaye da yawa. Shi kuwa McGriff, a 2021, a wata hira da aka yi da shi a wannan tasha ta ESPN, ya amsa da bakinsa yana dariya cewa bai taɓa kallon kaset ɗin ba.

A cikin wannan shekarar, a watan Janairu, Lasorda ya rasu yana da shekara 93. Abin da ya rage na shirin a hannun jama'a shi ne ɗaiɗaikun kaset da wasu suka naɗa a gida, aka ɗora su a YouTube, hoton ya dushe, murya tana rawa, ga Bench da ƙuruciyarsa yana gyara wa wata yarinya riƙon kulki, kaza na bayansu tana kwaikwayo ba daidai ba.