MATAN 'YAN BAMA: KATSINA A ZAMANIN YAƘIN HITILA

Yau ina so mu ɗan ajiye zancen kwalliya da na girki a gefe, mu waiwayi wani zamani da kakanninmu mata suka ratsa, wanda har yanzu ba a ba su haƙƙinsu na yabo a kansa ba. Idan kin taɓa zuwa Zariya kin ji ana cewa barikin Chindit, ko a Kaduna kin ji Kalapanzin da Dalet, to ki sani waɗannan sunaye daga ƙasar Bama aka zo da su, wadda tun 1989 ake kira Myanmar. Kalapanzin kogi ne, Dalet wuri ne a yankin Arakan, Chindit kuwa sunan wata runduna ce da ke kutsawa bayan abokan gaba cikin daji. A can mazajen ƙasar nan suka zubar da jininsu. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan da suka bari a gida, kuma zan ɗauki birnin Katsina in yi misali da shi.

A shekarar 1939 aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila. Mu ba mu da rigima da Jamus, ba mu san Japan ba, amma da yake Ingila ce ke mulkinmu, sai gobarar gidanta ta lashi namu. Katsina a lokacin ba ta kai ko kusa da girmanta na yau ba, don sai 1987 ta zama babban birnin jiha. Gari ne na cikin ganuwa, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga kowa ya san gidan kowa, hasumiyar Gobarau ita ce dogon gini, Sarki Muhammadu Dikko na kan gado. Turawa suka nemi sarakuna su ba da mazaje, sarakuna suka umarci hakimai, hakimai suka juya kan dagatai da masu unguwanni. Wani saurayin da ƙafarsa ya kai kansa saboda sha'awar kaki da albashin da bai wuce kimanin sule guda a rana ba, wani kuwa nuna shi aka yi, ba ya da bakin musu. Daga nan sai Zariya, inda ake horar da kurata, a aske musu kai, a koya musu fareti da harbi.

Na farkon tafiya Gabashin Afirka aka kai su yaƙi da Italiya, kuma sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941. Amma babbar ɗiba ita ce ta 1943, lokacin da aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Aka zuba su a jiragen ruwa daga Ikko, mutanen da da yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na gulbi ba, suka yi makonni a teku kafin su sauka Indiya, daga can aka shigar da su Bama. Ki ƙiyasta a ranki, 'yar'uwa, mutumin da ya tashi a ƙasar rairayi da ƙaya, yau ga shi cikin kurmin da rana ba ta ratsawa, ruwan sama wata da watanni, ga sauro, ga matsattsaku, ga zazzaɓi, ga sojan Japan da ba ya sallama kansa da sauƙi. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, don haka a ka wasu ke ɗaukar harsasai da kayan yaƙi su hau duwatsu da su, abinci kuwa jirgin sama ne ke jefo musu. Da haka suka yi ta turawa har suka karɓi garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Hausa ce harshen bariki tun da daɗewa, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta, saboda haka a tsakiyar dajin Bama da Hausa ake hira, da ita ake kuka idan ɗan'uwa ya faɗi.

To mu dawo gida. Yaƙi bai zo Katsina da bindiga ba, da tsada ya zo. Jiragen ruwan da ke kawo kaya suka ragu, gishiri ya yi wuya har sai da gwamnati ta sa hannu a rabonsa, kananzir da ashana da yadi suka zama sai wane da wane. Haraji kuwa bai tsaya ba ko na shekara guda, ga tarin kuɗin taimakon yaƙi, ga matsi a noma gyaɗa da auduga. Daga 1942 zuwa 1944 kuma aka yi ta kwasar mazaje daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, domin Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuzarta, kuma sanyin Jos da rashin abinci sun kashe da yawa. Ana cikin haka damina ta gaza, aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau a 1942, saboda can ake zuwa neman hatsi. Kin ga ke nan mace guda za ki tarar mijinta na soja, ƙanensa na Jos, rumbu ya yi ƙasa, ga 'ya'ya, ga tsohuwar suruka.

Yaya suka yi? Wallahi da hannunsu suka yi. Tsadar yadi ta dawo da darajar kaɗi, sai mace ta zauna da mazari da alli tun bayan sallar isha'i, a gaban fitilar aci-balbal ta man gyaɗa, ta yi ta murza zare har dare ya raba, ranar kasuwa a kai wa masaƙa. Wata tuyar ƙuli-ƙuli take yi ta sayar da mai, wata fura, wata daddawa, wata dakau ko surfe a gidajen masu hali a ba ta tsaki da dusa. Babu ashana, sai da sassafe a aiki yarinya da kasko ta ɗebo garwashi a maƙwabta, gidan da ya fara hura wuta shi ke raba wa unguwa. Adashi bai mutu ba ko da na ɗari ne da anini, bikin da ke tsakanin ƙawaye ma bai yanke ba, wadda kika kai wa ranar sunanta za ta ninka miki ranar naki. Da damina samarin unguwa kan yi gayya su nome gonar wanda ya tafi, matar ta dama musu kunu iyakar ƙarfinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kam sun san haka a aikace. Ban ce kowa na kirki ne a zamanin ba, akwai 'yan'uwan miji da suka cinye rabon matar soja, akwai masu ɓoye hatsi su jira tsada. Amma unguwa tana da ido, kuma abin kunya ne babba a ce gidan maƙwabcinka an kwana ba a ɗora tukunya ba kai kana da tuwo.

Duk da haka, yunwa ba ta kai jira ciwo ba. Labarin yaƙi a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ake samunsa, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta. Mai boko ɗaya zai karanta a zaure, maza su saurara, sannan yara su shigo da guntun labari cikin gida. Wasiƙa kan yi watanni a hanya, idan ta iso kuma sai an nemi mai karantawa, sirrin miji da mata ya bi ta bakin wani ƙato. Soja yana iya yanka wani abu daga albashinsa a riƙa biyan iyalinsa a gida, wadda mijinta ya yi haka ta ɗan sami sauƙi, wadda nata bai yi ba sai Allah. Wata shekara biyu, uku, ba wasiƙa ba saƙo, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. Wasu sun kai kukansu gaban alƙali, domin shari'a ta ba mace damar neman mafita idan babu ci babu sha, kuma ni ban ga laifinsu ba. Wasu kuwa suka daure suka zauna. Dukkansu ba mai hurumin zaginsu sai wanda ya ɗanɗana abin da suka ɗanɗana.

A 1944 Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, kuma a wannan shekarar sabon sarkin ya yi tattaki har Indiya da Bama ya gana da sojojin Nijeriya. Ki duba girman wannan abu a wajen talakan da ya ɗauka an manta da shi a ƙarshen duniya, sai ga sarkin garinsu a gabansa yana yi masa sannu da harshensa. Su ma matan gida hankalinsu ya ɗan kwanta, tunda wani nasu ya je ya gano da idonsa.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma saboda ƙarancin jirage yawancin sojojinmu sai 1946 suka dawo. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi har waƙa ya rubuta mai suna Maraba da Soja. Ranar dawowa gida ɗaya ana guɗa, na kusa da shi ana salati. Wani ya dawo da akwatin ƙarfe da 'yan kuɗin sallama ya sayi keke ko keken ɗinki, wani ya koyo tuƙi ko aikin asibiti, wasu suka shiga 'yan doka, masinja ko gadi. Wani kuwa ba ƙafa, wani jikinsa lafiya amma da dare sai ya zabura yana ihu, yara na binsa da tsokana, matarsa ce kaɗai ta san abin da take gani. Waɗanda ba su dawo ba matansu suka shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma ba tare da sun ga gawa ba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da sunayen 'yan Nijeriya a ciki, iyayensu mata kuwa har suka koma ga Allah ba su san da wurin ba.

Abin bai ƙare a nan ba. Hassan, ɗan Sarki Nagogo, shi ma kakin ya sa, ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, ya kuma riƙe shugabancin sojan ƙasa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wannan yaƙin ya sake barin zawarawa da marayu, kuma ranar da ya ƙare, 15 ga Janairu, ita ce ake tunawa da 'yan mazan jiya kowace shekara. Bayan shi aka yi Laberiya daga 1990, sai Saliyo, sai rikicin Arewa maso Gabas tun 2009, ga kuma na 'yan bindiga da ya addabi ƙasar Katsina kanta.

Shi ya sa nake roƙonki, 'yar'uwa, ki duba unguwarku da kyau. Akwai matar soja ko ta ɗan sanda da ke kwana da waya a hannu, gabanta na faɗuwa duk lokacin da ta yi ƙara. Akwai wadda aka riga aka kawo wa labari, aka tashe ta daga gidan bariki, tana ta zirga-zirgar neman haƙƙin mijinta da goyo a baya. Furannin da manya ke ajiyewa ranar 15 ga Janairu ba za su shiga tukunyarta ba. Ki leƙa ta, ki sa ta a adashinku, ki sayi abin da take sayarwa, ki hana 'ya'yanki gori ga nata, ki kuma kame bakinki daga yi mata ƙazafi don kin ga ba namiji a gidan. Ke kuma budurwa, ko wa za ki aura, ki riƙe sana'a a hannunki, domin mazari ne ya rufa wa kakanninmu asiri ranar da albashi ya yanke.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Bama da sauran fagagen fama, ya jiƙan matan da suka jira su, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin summa amin.