Yadda Gothenburg ta cusa kari cikin hargowar kiɗan metal

Kiɗan da ake kira thrash ba a Suwidin aka haife shi ba. Matasan Amurka ne suka ƙera shi a farkon shekarun 1980. Metallica ta fitar da faifanta na farko, Kill 'Em All, a 1983, sannan Slayer ta zo da Reign in Blood a 1986, faifan da bai cika rabin awa ba amma ya zama ma'auni ga duk wanda ya biyo baya. Jamusawa irin su Kreator da Sodom da Destruction suka karɓa, suka ƙara masa kaushi. Kiɗa ne na gudu, inda mai jita yake danne tsirkiyoyi da gefen tafin hannunsa yana sara su da sauri, ganga na bin sa ba numfashi, mawaƙi kuma yana haushi fiye da rerawa. A wancan zamani Suwidin 'yar kallo ce, zango ce kawai a hanyar manyan ƙungiyoyi, kuma abin da aka fi tunawa da ita a kansa shi ne hatsarin mota kusa da Ljungby a watan Satumba na 1986, wanda ya kashe Cliff Burton na Metallica. Akwai 'yan gida da suka gwada, irin su Agony da faifansu The First Defiance na 1988, da Mezzrow a 1990. Sun iya hannu, amma wanda ya saurare su Amurka yake ji. Gudummawar Suwidin ta gaskiya ta zo ne a makare, kuma ta ƙofar baya, lokacin da wasu makaɗa suka gano cewa ana iya sa karin waƙa cikin dukan jitar kansa, ba sai an tsaya an sassauta ba.

Ƙofar bayan nan ita ce death metal, ɗan'uwan thrash mai muryar gurnani. A Stockholm, situdiyon Sunlight na Tomas Skogsberg ya shahara da wani sauti mai kama da zarton inji, wanda ake samu idan an murɗa duk maɓallan wata 'yar na'ura mai suna Boss HM-2 har ƙurya. Da shi Entombed ta ɗauki Left Hand Path, wanda ya fito a 1990. Gothenburg, birnin tashar jiragen ruwa a gaɓar yamma, ta bi wata hanya dabam. Ƙungiyar At the Gates, wadda aka kafa a 1990, ta fara da waƙoƙi masu sarƙaƙiya, har da goge irin na Turawa a faifanta na 1992. Zuwa 1995 sai ta zubar da kayan ado. Slaughter of the Soul, wanda aka ɗauka a situdiyon Fredman ƙarƙashin Fredrik Nordström, minti talatin da 'yan kai ne, gajerun waƙoƙi, ganga na gudun Slayer. Bambancin yana hannun mai jita. Yakan riƙe tsirkiya mafi kauri yana sara ta ba tsayawa, sannan tsakanin sara da sara ya tsallaka zuwa wata tsirkiya ya ɗauko sauti ɗaya mai tsayi, ya dawo. Waɗannan sautukan da ake tsinta ɗaya-ɗaya su ne suke haɗuwa su zama kari mai ɗan baƙin ciki, wanda mutum zai iya yin fito da shi bayan waƙa ta ƙare. Mai kalangu ya san wannan aiki, domin shi ma duka ɗaya yake yi ya fitar da bugu da hawa da saukar murya lokaci guda. Mawaƙinsu Tomas Lindberg kuwa bai rera ko baiti ɗaya da murya mai laushi ba a faifan, ihu yake tun daga farko har ƙarshe. Jita ce take waƙar, mawaƙi yana faɗa.

Masu tsattsauran ra'ayi za su ce wannan ai ba thrash ba ne, sunansa melodic death metal, kuma a shagon faifai ma ba layi ɗaya ake jera su ba. Gaskiya ne idan ana maganar The Gallery na Dark Tranquillity na 1995 ko The Jester Race na In Flames na 1996, domin waɗannan sun fi jingina ga Iron Maiden ta Ingila, inda jita biyu suke tafiya tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Amma tarihi ya warware gardamar game da At the Gates. Da ƙungiyar ta watse a 1996, tagwaye Anders da Jonas Björler da mai ganga Adrian Erlandsson suka haɗu da Patrik Jensen suka kafa The Haunted, wadda babu mai musun cewa thrash take yi. Faifansu na 1998 da mawaƙi Peter Dolving, da Made Me Do It na 2000 da mawaƙi Marco Aro, wanda ya ci lambar Grammis ta ƙasar, hannu ɗaya ne ya buga su da wanda ya buga Slaughter of the Soul. An canja muryar mawaƙi, an rage gurnani, amma tsarin dukan jitar yana nan. Ke nan iyakar da ake shatawa tsakanin nau'o'in biyu ta fi amfani ga mai jera kaya fiye da mai sauraro.

Zargi na biyu ya fi nauyi, wato cewa kari hanya ce ta neman kasuwa, kuma da zarar an buɗe masa ƙofa sai zafin ya tsere. Akwai hujja a nan. In Flames ta sauya sosai daga Reroute to Remain na 2002, ta shigo da amshi mai laushi da sautin na'ura, tsofaffin masoyanta da yawa suka juya mata baya. A Amurka kuma ƙungiyoyin metalcore suka yi ta kwasar salon Gothenburg, har Darkest Hour ta niƙo gari ta zo Fredman ta ɗauki faifai a 2003, wasu kuma suka mayar da abin tsari guda: ihu a baiti, daɗin baki a amshi. Sai dai wannan tsarin kishiyar abin da At the Gates da The Haunted suka yi ne. Shi yana raba zafi da zaƙi gida biyu, kowanne ya jira lokacinsa. Su kuwa ba su taɓa raba su ba, kuma karin ne ma yake sa gudun ya yi tasiri, domin hargowar da ba ta da abin riƙewa kunne kan gaji da ita kafin waƙa ta uku. Laifin mai kwaikwayo bai kamata ya hau kan wanda aka kwaikwaya ba.

Saura tambayar me ya sa Suwidin. Amsar da 'yan jarida suka fi so ita ce sanyi da doguwar duhun hunturu da tsofaffin waƙoƙin ƙauye. Ba a rasa ƙamshin gaskiya a ciki ba, tunda In Flames ta sa wani karin gargajiya, Hårgalåten, a faifanta na 1994. Amma Norwe ma tana da sanyi da duhu, kuma a shekarun nan black metal ta haifar, mai gudun duk wani abin da zai yi wa kunne daɗi. Abin da ya fi bayyana lamarin shi ne tsarin ƙasar. Ƙananan hukumomi suna da makarantun kiɗa masu araha, inda yara suke koyon kayan kiɗa tun suna firamare. Ƙungiyoyin ilimin manya irin su ABF da Studiefrämjandet suna karɓar 'yan samari masu ƙungiyar kiɗa a matsayin da'irar karatu, su taimaka musu da ɗakin atisaye. Sannan da'irar Gothenburg ƙarama ce, kowa ya san kowa, har Mikael Stanne da Anders Fridén suka yi musayar gurbi, wanda ya yi waƙa a faifan In Flames na farko ya zama muryar Dark Tranquillity, na Dark Tranquillity ya koma In Flames. Dabarar da mutum ɗaya ya gano kan bazu cikin 'yan watanni. Duk da haka ɗaki da malami kawai hukuma ta bayar, ba ta zaɓa wa kowa salo ba. A Helsingborg, Darkane ta ɗauki dabarar ta ƙara mata sarƙaƙiya a Rusted Angel na 1999. A Umeå can arewa, Meshuggah, wadda ita ma da thrash ta fara a 1987, ta ajiye kari gefe ta dukufa kan karkatattun bugu, kuma zuwa Destroy Erase Improve na 1995 ta riga ta kama hanyar da ba ta bi ta Gothenburg ko kaɗan ba.