Birged ɗin Turkiyya a Yaƙin Koriya: Wa ke Ba da Umarni?

A ranar 25 ga Yuli, 1950, gwamnatin Adnan Menderes ta Turkiyya ta yanke shawarar tura dakaru Koriya ba tare da ta nemi amincewar majalisa ba, domin idonta na kan shiga ƙungiyar NATO. Masu rubuta tarihin wannan runduna sun fi tsayawa kan jarumtarta, kuma ta cancanci yabon. Amma a ganina tsarin jagorancinta ne ya kamata a fi bincika, domin nan raunin yake.

An gina birged ɗin ne a kan rajiman ta 241 ta Kanar Celal Dora: bataliya uku ta sojan ƙasa, ɗaya ta igwa, da sassan tallafi, jimilla kimanin mutum 5,000. Kwamandansu shi ne Birgediya Janar Tahsin Yazıcı, tsohon hannu tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga Iskandarun suka tashi, suka sauka Pusan a watan Oktoba. Makamai da motoci duk na Amurka ne, umarni ma daga can yake fitowa, da Ingilishi. Shi kuwa Yazıcı ba ya jin Ingilishi, tafintoci kuma ba su wadata ba.

Ƙarshen Nuwamba ne ya tona wannan rauni. Da sojan Sin suka karya dakarun Koriya ta Kudu a Tokchon, sai aka tura Turkawa su toshe gurbin, ba a ko fayyace musu abin da ke gabansu ba. A kusa da Wawon suka ci karo da sojan Koriya ta Kudu masu gudowa, suka ɗauke su abokan gaba, suka far musu. Ana tsakiyar fama aka mayar da birged ɗin ƙarƙashin runduna ta 2 ta Amurka. A duba halin kwamanda a nan: yana kan hanyar dutse cikin tsananin sanyi, saƙo ya iso, sai an fassara kafin ya san wa ke magana da abin da ake so. Bisa hukuncin kansa Yazıcı ya ja da baya zuwa Sinnim-ni, sannan Kaechon, yana yaƙi yana janyewa.

Za a ce yawan sojan Sin ne ya jawo asarar da birged ɗin ta yi. Gaskiya ne, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai dai wannan birged ɗin ce, bayan ta zauna daram ƙarƙashin runduna ta 25 ta Amurka, ta yi nasara a Kumyangjang-ni a Janairun 1951. Mutanen ba su sauya ba, hanyar umarni ce ta gyaru. Alhakin mafi yawan ruɗanin ƙarshen Nuwamba yana wuyan waɗanda suka tsara jagorancin.